Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Likitoci da Shugabannin Asibitocin Zariya Kan Ƙarancin Jinin da Ya Ƙi Jin Magani

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, muna fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Allah Ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa jama'a. Mun san yadda kuke kwana a tsaye, mun kuma san yawan mutanen da likita guda ke gani daga safe zuwa azahar, shi ya sa wannan takarda ba ta raini ba ce. Koke ne daga mutanen da suka dogara da ku bayan Allah.

Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada. Na rubuto ne a madadin wasu iyalai daga cikin birni da Sabon Gari da Samaru, waɗanda lalura iri ɗaya ta haɗa mu a bencin jiran likita har muka zama kamar 'yan'uwa. Kowannenmu yana da wani a gida wanda jininsa ke sauka, a ba shi maganin ƙarin jini ya sha wata da watanni, a auna a ga jiya i yau. Wasu an ƙara musu jini, bayan 'yan watanni ya sake zubewa. Abin da muke roƙo a taƙaice shi ne, idan jini ya ƙi tashi kuma an duba sanannun dalilai ba a ga komai ba, a riƙa tunawa da cutar siliyak, wato cutar hanji da cin alkama ke tayarwa, a kuma gwada ta yadda ya kamata.

Ba mu jahilci halin da kuke aiki a ciki ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68 ne. A ƙasar da ke da zazzaɓin cizon sauro da sikila da tsutsar ciki da tsargiya, ga haihuwa kusa da kusa, ga zubar jinin al'ada, ga abinci da ya yi tsada, dole likita ya fara da waɗannan. Mu ma da su za mu so a fara. Kukanmu yana kan wanda aka duba masa duk wannan aka ga babu, aka ba shi magani ya sha da gaskiya, amma aka ci gaba da maimaita masa takardar magani ɗaya shekara da shekaru.

Kokenmu na farko ke nan: ana tsayawa a kan PCV, wato gwajin da ke auna yawan jajayen ƙwayoyin jini kawai. A tsaga yatsa ko a ɗebi jini, a ce "jininki ya yi ƙasa", a rubuta ƙwayar ayon (sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi) da folik asid, a ce a ci alayyahu da hanta, a dawo bayan wata guda. Ƙarancin jini alama ce ta wani abu, ku kuka koya mana haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ƙasa da giram 12 a kowane desilita na jini ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da 13 ga namiji. To amma wannan lamba ba ta faɗin dalili. Cikakken ƙidayar jini da ke nuna girman ƙwayoyin, da gwajin feritin da ke nuna ajiyar ayon a jiki, su ne ke fara nuna hanya, kuma da yawa daga cikinmu sai bayan an daɗe ana wahala aka rubuta mana su. Wanda ke shan ayon yadda aka ce, cikin mako 2 zuwa 4 ya kamata a ga jininsa ya fara motsawa. Idan bai motsa ba, ko dai jini na tsiyaya a wani wuri, ko ba a shan maganin, ko kuma hanji ne ba ya tsotsar sa. Wannan na ukun shi ne ake yawan tsallakewa. Abin da ke biyo baya kuwa mu muke ganinsa a gida: kuɗi na ƙarewa a kwalaben maganin ƙarin jini na kemis, ana tara 'yan'uwa su ba da jini leda bayan leda, yarinya ta bar makaranta saboda jiri, matar aure a sa mata sunan raguwa don ta kasa daka. Idan abin ya ci tura sai a koma cewa mayu ne ko sammu, a yi ta zargin maƙwabta da kishiyoyi a kan abin da ke cikin hanji.

Bari in ɗan tsaya a kan ita cutar, ba don in koya muku aikinku ba, sai don sauran jama'a da za su karanta wannan takarda. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsi da ake kira rai akwai wani sinadari mai suna gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Amma ga wanda ya gaji wasu ƙwayoyin halitta, garkuwar jikinsa kan ɗauki gulutin a matsayin abokin gaba, garin faɗa da shi sai ta ɓata bangon ƙaramin hanji. Shi wannan bango yana da ƙananan tsirarrun gashi kamar na sabon tawul, da su yake tsotsar amfanin abinci. Cutar takan cinye su har wurin ya zama sumul. Ɓarnar ta fi tsanani a farkon ƙaramin hanji, daidai inda jiki ke karɓar ayon. Shi ya sa mutum zai iya shan ƙwaya kullum, bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin saboda maganin, amma kaɗan ne ke shiga jini. Folik asid da kalsiyam ma haka suke wucewa. Kuma ba dole ne a ga gudawa ko rama ba. Manya da yawa babu abin da suke nunawa sai ƙarancin jini da gajiya, wani ma da ƙibarsa.

Koke na biyu shi ne amsar da ake ba mu idan muka ambaci sunan cutar: "Wannan ai ciwon Turawa ne." Ranku ya daɗe, wannan magana ta tsufa. Gaskiya ne a Turai aka fara gano sirrinta. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi, da burodi ya dawo sai ciwo ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950. Amma tun daga nan an same ta a arewacin Indiya da ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka. A yau ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, akasarinsu ba su sani ba. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu ma a nahiyarmu ne: binciken da aka buga a 1999 a kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu alamar cutar a jinin kashi 5.6 cikin 100. Mutanen Sahara ne, waɗanda kakanninmu suka yi ta fatauci da auratayya da ire-irensu ɗaruruwan shekaru.

Kuma wa ya ce alkama baƙuwa ce a wurinmu? Alkaki da funkaso da alkubus da gurasa ba jiya aka fara yin su ba, babu garar da ke cika sai da dubulan da cincin. Abin da ya canza shi ne yawa. A da sai biki ko salla, yanzu yaro zai karya da shayi da burodi, a makaranta ya ci biskit da fanke, da rana taliya, da dare tuwon semo. Ɗanwake ma yawanci da fulawa ake kwaɓa shi yanzu. Masu ciwon suga kuma an ce musu tuwon alkama ne nasu, alhali masu nau'in ciwon suga na farko, wanda ke kama yara da matasa, suna cikin waɗanda siliyak ta fi samu. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban a 2018 ya nuna kusan 3 cikin 100 na masu ƙarancin jini na rashin ayon, siliyak ce a ƙarƙashi. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin ciki da hanji ta Birtaniya ta ce a riƙa gwada ta ga duk baligin da aka tabbatar yana da irin wannan ƙarancin jini. Ku ƙirga masu ƙarancin jinin da ke shigowa asibitocin Zariya a wata guda, sannan ku tambayi kanku nawa aka taɓa yi wa wannan gwaji.

Koke na uku shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, kuma a gidanmu ya faru. Ƙanwata ta yi shekaru tana fama. Idan ka ja fatar idonta ƙasa fari fat, farcenta ya lotsa a tsakiya, ba ta da abin marmari sai tauna ƙanƙara da farar ƙasa. Ba ta iya hawa bene sai ta huta a tsakiya. An duba sikila babu, an ba ta maganin tsutsa, an ƙara mata jini. Wata rana wani ma'aikacin lafiya, da kyakkyawar niyya, ya ce mata, "Hajiya, ki daina cin duk abin da aka yi da fulawa ki gani." Ta daina. Cikin 'yan watanni kumburin ciki ya tafi, ƙarfi ya fara dawowa, muka yi ta hamdala. Sai da muka kai ga ƙwararren likitan ciki ya ce mana gwajin ba zai yi amfani a wannan hali ba, domin abin da ake nema a jini yakan ɓace idan an daina cin alkama, hanjin ma yakan fara warkewa. Ya ce in ana son tabbaci sai ta koma ci kullum, fiye da sau ɗaya a yini, har mako 6. Na ga ranar da aka ajiye mata burodi a gabanta, ta daɗe tana kallonsa hawaye na zuba kafin ta iya kai shi baki, don ta san abin da zai biyo baya. Ta daure, aka yi gwajin jini, aka ɗebo naman hanji, aka tabbatar siliyak ce. Da an ɗebi jininta tun ranar da aka fara zargi, kafin a ce ta daina komai, da ba ta sha wannan wahala ta biyu ba.

Wani zai ce, tunda ta ji sauƙi, mene ne na gwaji? Dalilai suna da yawa. Barin alkama ga mai siliyak na har abada ne, kuma ba a yarda da "ɗan kaɗan" ba. Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum wannan nauyi a kan zato, haka kuma wanda ba a tabbatar masa ba, da ya ji sauƙi zai koma ci a biki da salla, ɓarna ta ci gaba a ɓoye har ƙashi ya yi rauni. Akwai masu jin daɗin cikinsu idan sun bar fulawa alhali ba siliyak gare su ba, su kuma ainihin abin da ke shanye musu jini yana nan ba a gano ba. Idan namiji ne ko macen da ta daina al'ada, wannan abin na iya zama gyambon ciki ko ma ciwon daji na hanji, wanda jinkiri a kansa halaka ne. Sannan cutar tana bin jini: kusan 1 cikin 10 na iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya na mai ita su ma suna da ita. A garin da auren zumunci ya yi yawa kamar namu, tabbatar da ita ga mutum ɗaya na iya ceton gida guda.

Na huɗu, ko an yarda za a gwada, sau da yawa rabin aiki ake yi. Gwajin farko shi ne na jini da ake kira tTG-IgA, kuma ƙa'ida ita ce a haɗa shi da auna jimillar IgA, wato wani nau'in sinadarin garkuwar jiki da gwajin ya dogara a kansa. Kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na masu siliyak jikinsu ba ya yin isasshen IgA, don haka nasu sakamakon zai fito babu komai alhali akwai, sai an koma ga gwajin wani nau'in sinadarin garkuwar, mai suna IgG. A cikinmu akwai waɗanda suka biya kuɗi mai yawa aka aika jininsu wani gari, aka yi makonni ana jira, takarda ta dawo da gwaji guda tilo, aka ce su je lafiyarsu lau. Haka abin yake a wajen leƙen ciki da na'ura. A zura wa mutum bututu, a duba tumbi, a ce "olsa ce kaɗan" ko "ba a ga komai ba", a fito ba tare da an ɗebo ko ƙwayar nama daga hanji ba. Ido kaɗai ba ya isa, hanjin mai siliyak na iya zama lafiya lau a fuskar na'ura. Abin da masana suka tsayar shi ne a ɗebo aƙalla guda 4 daga sashe na biyu na farkon hanji, a ƙara 1 ko 2 daga bakinsa, saboda ɓarnar tsalli-tsalli take yi. Talakan da ya sayar da akuyarsa ya biya wannan aiki ba zai iya biya karo na biyu ba.

A nan dole in yi muku adalci. Mun fahimci cewa a ƙasa mai zafi irin tamu, lalacewar bangon hanji ba siliyak kaɗai ke kawo ta ba. Ƙwayar jiyadiya da ake samu a gurɓataccen ruwa, da tarin fuka na hanji, da cuta mai karya garkuwar jiki, da wata cutar hanji ta ƙasashe masu zafi, duk suna iya ba da kama ɗaya. Wannan ne ma ya sa muke nacewa a haɗa biyun, jini da nama, kowanne ya gaskata ɗan'uwansa, kada a yanke wa mutum hukunci da guda ɗaya.

Na ƙarshe a koke-kokenmu gajere ne. Bayan an tabbatar, sai a ce "ki guji gulutin" a sallame ka, wani lokaci da takardar da aka ciro daga intanet mai lissafin abincin da babu shi a kasuwar Sabon Gari. Babu mai gaya maka cewa lemon malt daga sha'ir ake yin sa, ko cewa wasu masu waina da ƙosai na ƙara fulawa, ko cewa man da aka soya fanke a ciki bai dace a soya maka doya ba. Babu mai tuna maka da injin niƙa na unguwa, inda ake zuba dawarka a bayan alkamar wani.

Ga abin da muke roƙo.

Ku sanya a rubuce, a kowane ɗakin ganin likita da asibitin sha-ka-tafi, matakan da za a bi idan ƙarancin jini ya ƙi jin ayon: a tabbatar da feritin, a duba bayan gida da fitsari, a tambayi al'ada da abinci da shan shayi a kan magani, idan babu bayani a rubuta gwajin siliyak ko a tura mutum gaba. A sa wa'adi, kada a wuce wata 3 ana maimaita magani ɗaya ba tare da an sake tunani ba. Kuma duk wanda za a ƙara wa jini ba tare da an san dalilin saukarsa ba, a ɗebi samfurin gwaji kafin a ɗaura leda.

Ku gargaɗi ma'aikatanku, da nas-nas da masu kemis da masu ba da shawarar abinci, cewa kada wanda ya ce wa mara lafiya ya bar alkama kafin a ɗebi jininsa. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma shi kaɗai zai rage wahala mai yawa.

Muna roƙon shugabannin ɗakunan gwaje-gwaje su haɗa kai a samar da tTG-IgA tare da jimillar IgA a nan Zariya a matsayin gwaji ɗaya mai farashi ɗaya. Idan masu nema ba su da yawa, a tsayar da rana a wata da za a tara samfura daga asibitoci a yi su gaba ɗaya. Ku kuma yi mana magana da hukumomin inshorar lafiya, ta tarayya da ta Jihar Kaduna, a tabbatar wannan gwaji da na naman hanji suna cikin abin da ake biya wa mai ƙarancin jinin da ya ƙi magani. Kuɗinsa bai kai na ledojin jinin da ake ta ƙarawa ba tare da an kashe tushen matsalar ba.

Masu leƙen ciki da na'ura, don Allah, duk wanda aka turo muku saboda ƙarancin jini na rashin ayon da ba a san dalilinsa ba, kuma ba a riga an kore siliyak da gwajin jini ba, ku ɗebo naman hanji yadda ƙa'ida ta ce, ko da wurin ya yi kyau a ido.

Ga malamanmu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ku ne kuke yaye likitocin da ke cika asibitocin Arewa. Muna roƙon ku sa ɗalibanku masu neman ƙwarewa su auna yawan wannan cuta a tsakanin masu ƙarancin jini a yankinmu, manya da yara, musamman yaran da suka tsumbure da 'yan matan da balaga ta yi musu jinkiri da matan da ke yawan ɓari. Da alƙaluman gida ne za a rufe bakin masu cewa ba ciwonmu ba ne, da su ne kuma hukuma za ta saki kuɗi.

Sai batun abinci, wanda a nan Allah Ya rufa mana asiri fiye da mutanen Turai. Dawa da gero da masara da shinkafa da acca da rogo da doya da dankali da wake da gyaɗa, babu gulutin a ko ɗaya. Tuwo da miyar kuka, fura da nono, koko da ƙosai na wake zalla, fate da dambu, duk halal ne ga mai siliyak in ba a gauraya ba. Garin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, kuma take aiki a kan dawa da masara da wake, bai kamata mara lafiya ya rasa mai rubuta masa jerin abincinsa da Hausa ba. Muna roƙon masana abinci na asibitocinku su fitar da takarda guda, da boko da ajami, mai sunayen abincinmu, a riƙa ba duk wanda aka tabbatar wa cutar, a kuma karanta ta a rediyo. A sa masa ranar dawowa a sake auna jini, domin yakan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin ya daidaita, a kuma kira iyayensa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa su ma a gwada su.

Mu a namu ɓangaren a shirye muke. Duk ranar da kuka shirya taron ƙara wa juna sani ko zaman wayar da kai, ku aiko ta hannun likitocin da ke duba mu, za mu zo da katunan asibiti da sakamakon gwaje-gwajenmu tun daga na farko, masu lalurar kuma sun yarda su yi bayani da bakinsu a gaban ɗalibanku.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku huta lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Tudun Wada, Zariya,
a madadin iyalan masu fama da ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani.